Hanya Ita Ce Uwar Kasuwa: Waiwaye A Kan Bunƙasar Funtuwa

Duk wanda ya bibiyi tarihin garinmu Funtuwa zai tarar cewa hanya ce ta raine shi. A zamanin da, Maska ce babban gari a wannan yanki, mai ganuwa da sarauta, Funtuwa kuwa ƙaramin ƙauye ce. Da harkokin mulki da na ciniki suka karkato nan, sai mazaunin Sarkin Maska ya dawo Funtuwa, kuma har yau a nan yake.

Abin da ya fara ɗaga garin shi ne auduga. Turawan mulkin mallaka suna neman ta domin masaƙun Ingila, ƙasarmu kuwa tana ba da ita sosai. Saboda haka aka shimfiɗa layin dogo daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Kamfanin BCGA ya kafa injin gurzar auduga a garin, fatake da 'yan dako da ma'aikata daga Kudu suka yi ta kwararowa.

Sai dai jirgin ƙasa tasha kaɗai yake tsayawa, mota kuwa tana shiga har ƙauye. A shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya yawaita, gwamnati ta mayar da hankali ga shimfiɗa kwalta, jirgin ƙasa kuma ya fara ja da baya. Garuruwa da dama da suka dogara da tashar jirgi sun dusashe, amma Funtuwa ta tsira, domin tana kan mahaɗar manyan hanyoyi: wadda ta taso daga Zariya zuwa Gusau da Sakkwato, da wadda ta bi Bakori da Malumfashi zuwa Katsina, da kuma wadda ta bi Dandume zuwa Birnin Gwari ta miƙe Kudu.

Amfanin wannan a fili yake. Manomin da motar kaya ke iya isa kusa da gonarsa ba ya sayar da masararsa da arha ga mai saye ɗaya tilo. Da haka kasuwannin hatsi irin na Dandume da Bakori suka yi suna. A cikin gari kuwa, direbobi da kanikawa da 'yan kamasho da masu sayar da abinci a tasha duk sun sami abin yi, masaƙar Funtuwa ma ta kafu.

Amma hanya ba kwalta kaɗai ba ce. A 'yan shekarun nan mun ga yadda 'yan bindiga suka sa direbobi ƙaurace wa hanyar Birnin Gwari da ta Gusau da zarar rana ta yi sanyi, kuɗin dako ya hau, manomi ya kwana ciki.

A 2024 aka buɗe tashar tsandauri ta Funtuwa, wadda nasararta ta rataya a kan lafiyar waɗannan hanyoyi. Don haka wajibi ne mu ci gaba da tuntuɓar wakilanmu a kan gyara su da tsaronsu, tare da hanyoyin karkara da ke kawo musu kaya. Allah Ya ba mu zaman lafiya.