Carleton Watkins da Hotunan Kwarin Yosemite

A shekarar 1861 ne Carleton Watkins ya shiga kwarin Yosemite da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, alfadarai na dakon ƙatuwar kyamararsa da fallayen gilashi masu inci 18 da 22, domin a wancan zamani girman hoto ya dogara ne ga girman gilashin da aka ɗauke shi a kai. Dabarar da ya yi aiki da ita ita ce ta jiƙaƙƙen kolodiyon, wato wani ruwa mai danƙo da ake zuba wa gilashi, a tsoma shi cikin sinadarin azurfa, a ɗauki hoton, sannan a wanke shi cikin tanti mai duhu tun bai bushe ba. Aiki ne mai wahalar gaske, wanda ƙwayar ƙura ɗaya kan iya lalatawa.

Hotunansa na dutsen El Capitan da manyan itatuwan Mariposa sun taimaka wajen jawo hankalin 'yan majalisa, har Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu kan dokar kare kwarin a 1864.