Yadda Aka Gano Ƙwayoyin da ke Kawo Ciwon Haƙarƙari

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, da hunturu ya shigo sai a riƙa jin an ce wane sanyi ya kama masa ƙirji. Wannan ciwo na limoniya, wanda muke kira ciwon haƙarƙari, ba sanyi ne ke kawo shi ba, ƙwayoyin cuta ne. Gano su kuwa ya ɗauki masana fiye da shekara ɗari.

A 1881 Louis Pasteur a Faransa da George Sternberg a Amurka, kowa a nasa gefen, suka ga wata ƙwaya a cikin yawun mutum, wadda daga baya aka sa wa suna numokokas. Sai gardama ta ɓarke a Jamus tsakanin Carl Friedländer da Albert Fraenkel kan ko wace ƙwaya ce ainihin mai laifin. A 1884 wani likita ɗan Danmak, Hans Christian Gram, da ke aiki a Balin, ya fito da dabarar rina ƙwayoyi: wasu su riƙe launin shuɗi, wasu su sake shi. Rinin ya nuna cewa ƙwayoyi biyu daban ake gardama a kansu, kuma numokokas ce ta fi yawan ɓarna. Har gobe ana amfani da wannan rini a ɗakunan gwaji na asibitoci. A Zariya ma, binciken da likitocin asibitin koyarwa suka yi a shekarun 1970 ya nuna ita ce kan gaba wajen kwantar da manya.

To amma da fanisilin ya yaɗu, sai aka lura akwai majinyatan da ba ya yi musu komai. A 1944 Monroe Eaton ya gano wata ƙwayar, a 1962 kuma aka tabbatar cewa maikofilasma ce. Ita ba ta da bangon jikin da fanisilin ke rushewa, shi ya sa maganin ke wucewa a banza. A 1976 wata limoniyar ta kashe mutane da dama bayan taron tsofaffin sojoji a Filadalfiya. Sai a Janairun 1977 Joseph McDade ya gano ƙwayar, aka kira ta Lijiyonela.

Duk da haka aiki bai ƙare ba. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2015 ya duba manya sama da 2,000 da aka kwantar, amma kashi 38 cikin ɗari kaɗai aka iya gane ƙwayar da ta kama su. A cikinsu ma bairos ya fi bakteriya yawa, shi kuwa ba ya jin kafso.

Ke nan idan masu kayan aiki na zamani suna shan wuya kafin su gane mai laifi, ina ga mai sayen kafso a kemis da ka? Duk wanda tari da zazzaɓi da sukar haƙarƙari suka haɗu masa, musamman dattawanmu, a gaggauta kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙirji, a gwada majina. Allah Ya ba mu lafiya, amin.