Almakashin rage gashi

Almakashin rage gashi, wanda wasu ke kira almakashi mai haƙora, wani nau'in almakashi ne da masu aski da masu gyaran gashi ke amfani da shi domin rage cikar gashi ba tare da an gajarta tsawonsa gaba ɗaya ba. Baki ɗaya na almakashin yana da haƙora kamar na mataji, ɗayan kuma kaifi ne miƙaƙƙe. Idan an datsa, silin da ya faɗa kan haƙora ne kawai yake yankewa, wanda ya shiga tsakaninsu kuma ya tsira.

Nau'o'i

Ana rarrabe su ne da yawan haƙora. Mai haƙora kusan 25 zuwa 40 yana ɗibar gashi kaɗan-kaɗan, kuma da shi ake shafe layin da injin aski ko almakashi ya bari. Mai haƙora kusan 14 zuwa 20 yana barin gashi ya bambanta a tsawo, ya yi kyan kwanciya. Mai haƙora ƙasa da haka, masu faɗi, yana cire gashi da yawa a datsa ɗaya, don haka kuskure da shi ba ya ɓoyuwa. Tsawon da aka fi amfani da shi inci 5.5 ne zuwa 6.5.

Ƙarfe da ƙira

Almakashin ƙwararru yawanci na ƙarfe ne marar tsatsa, irin su 440C da VG-10 na Japan, masu tauri kusan 58 zuwa 62 a ma'aunin Rockwell. Ƙarfe mai laushi yana saurin dakushewa, sai ya riƙa tauna gashi yana tsaga bakinsa. Garuruwan da suka shahara da ƙera shi sun haɗa da Seki a Japan, da Solingen a Jamus, da Sialkot a Pakistan. Akwai masu mariƙi ɗaya gajere domin rage gajiyar babban yatsa, akwai kuma na musamman ga bahago.

Amfani a Kano

Wanzamai a Kano sun gaji aski da aska, shagunan aski na zamani kuma sun fi dogara da injin aski. Almakashin rage gashi ya fi amfani a shagunan gyaran gashi inda ake gyara gashin kanti, da gashin da aka miƙar da mai, da gashin 'yan asalin Labanon da Indiya mazauna birnin. A kan gashi mai murɗewa irin na yawancin Hausawa, ba a cika buƙatarsa ba, domin gajerun silin da ya bari sukan miƙe su sa gashi ya yi buzu-buzu. Ba a datsawa kusa da fatar kai.

Yadda ake zaɓa

Mai saye yakan gwada almakashin a kan guntun gashi. Mai kyau yana yankewa ba tare da ja ba, kuma yana fita daga gashi ba ya sarƙewa. Ana kuma ɗaga baki ɗaya a sake shi: idan ya rufe gaba ɗaya, ƙusar tsakiya ta yi sako-sako, idan bai motsa ba, ta matse da yawa. Sunan ƙasa da aka buga a jiki ba shaida ba ce, domin jabu suna da yawa a kasuwa.

Kulawa

Ana goge shi bayan kowane aiki, a ɗiga mai a ƙusar, musamman lokacin hunturu da ƙura ke yawa. Ana tsaftace shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta tsakanin mutum da mutum, domin kayan aski na iya yaɗa makero. Bakin da ba shi da haƙora ake wasawa, kuma wasa shi a dutsen wuƙa na iya lalata shi har ya daina haɗuwa da haƙoran.