Ganyen Ginko da Farfaɗowar Ƙwaƙwalwa Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki

Wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ya san cewa ciwon ba a hannu da ƙafa kaɗai yake tsayawa ba. Mutum zai samu sauƙi har ya fara takawa da sanda, amma sai a ga yana manta sunan jikansa, ko ya tsaya tsakiyar magana ya rasa kalmar da yake nema, ko lissafin kuɗin cefane ya gagare shi. A irin wannan hali ne iyali suke fara neman abin da zai dawo da ƙwaƙwalwa, kuma sunan da ya fi yawo a kwalaben da ake kawo musu daga kemis ko daga ƙasashen waje shi ne Ginkgo biloba, wanda za mu riƙa kira ginko. Mun tattara a nan abin da aka tabbatar game da shi da wasu 'yan'uwansa, domin mai jinya ya san abin da yake saye.

Ciwon kansa

Likitocin da suka yi rubutu da Larabci a zamanin da, irin su Ibn Sina, suna kiran faɗuwar farat ɗaya da suna sakta, shanyewar da ke biyo baya kuma falij. A ilimin yau ciwon iri biyu ne. Na farko, gudan jini ya toshe jijiyar da ke kai jini wani sashe na ƙwaƙwalwa, sashen ya rasa iska da abinci ya fara mutuwa. Na biyu, jijiyar ta fashe, jini ya malala cikin ƙwaƙwalwa. Daga waje alamominsu kusan ɗaya ne: baki ya karkace, hannu ya saki, harshe ya yi nauyi. Hoton ƙwaƙwalwa a asibiti ne kawai yake rarrabe su, kuma maganin ɗaya yana iya kashe mai ɗayan.

Wannan rabe-raben ya shafe mu kai tsaye. Wani babban bincike mai suna SIREN da aka yi a asibitocin Ghana da Nijeriya, har da Kumasi da Kano da Zariya, wanda aka wallafa a 2018, ya gano cewa kimanin kashi 32 cikin 100 na masu ciwon a wannan yanki nau'in fashewar jijiya ne, adadin da ya zarce abin da aka saba gani a Turai sosai. Hawan jini ne kuma ya fito a matsayin babban sanadi, da tazara mai nisa. A riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

Game da mantuwa, wani nazari da masana na Jami'ar Oxford suka fitar a 2009 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin goma yana shiga cutar mantuwa mai tsanani bayan bugun farko, idan kuwa ciwon ya sake dawowa adadin yana haura ɗaya cikin uku.

Bishiyar da abin da ake tatsa daga gare ta

Ginko bishiya ce ta ƙasar Sin, ba ta fitowa a ƙasashenmu masu zafi. Ganyenta kamar ƙaramin mafici yake, da tsaga a tsakiya, kuma daga wannan tsagar ne masanin tsirrai Linnaeus ya ba ta sunan biloba a 1771, wato mai ɓari biyu. Tana da tsawon rai da juriya. Wasu daga cikinta sun tsira daga bam ɗin Hiroshima na 1945 kuma suna nan da rai.

Masu talla suna yawan cewa Sinawa sun yi dubban shekaru suna shan ganyen don kaifin ƙwaƙwalwa. Maganar ba haka take ba. Abin da tsohon likitancin Sin ya fi amfani da shi 'ya'yan bishiyar ne, galibi don tari da asma da matsalar fitsari. Tatsar ganyen don gudanar jini da ƙwaƙwalwa aikin wani kamfanin Jamus ne, Dr. Willmar Schwabe na birnin Karlsruhe, wanda ya fara sayar da shi a shekarun 1960. Samfurinsa da ake kira EGb 761 shi ne aka yi mafi yawan gwaje-gwaje da shi. Ana busar da ganye mai yawa a tace shi har a samu ɗan gari kaɗan wanda aka daidaita sinadaransa: kashi 24 cikin 100 rukunin filabonoyid, kashi 6 rukunin da ya ƙunshi ginkolayid da bilobalayid, sannan a cire wani sinadari mai cutarwa, ginkolik asid, har ya koma ƙasa da kashi 5 cikin miliyan. Saboda haka shayin ɗanyen ganye, ko garin da aka ɗura a kafso ba tare da wannan tacewa ba, ba shi ne abin da aka gwada ba ko da sunan ɗaya ne.

A ɗakin gwaji an ga waɗannan sinadarai suna rage mannewar ƙwayoyin da ke daskarar da jini, suna kuma kare ƙwayoyin ƙwaƙwalwar dabbobi daga lalacewa idan jini ya yanke. Amma abubuwa da yawa sun yi aiki a jikin ɓera suka kasa a jikin ɗan Adam.

Abin da gwaji a kan mutane ya nuna

Binciken da ya sa ginko ya shiga kafafen labarai an yi shi ne a asibitoci biyar na lardin Jiyangsu a Sin, ƙarƙashin likitocin Jami'ar Nanjin, aka wallafa shi a ƙarshen 2017. An ɗauki mutum 348 waɗanda jijiyarsu ta toshe cikin kwana bakwai da suka gabata. Aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a: kashi ɗaya suna shan asfirin miligiram 100 kawai, ɗaya kashin suna shan asfirin tare da tataccen ginko miligiram 450 a kullum, har wata shida. Ana auna su da wata jarrabawar ƙwaƙwalwa mai maki 30 wadda aka ƙirƙira a Montreal, inda ake sa mutum ya zana agogo, ya maimaita kalmomi, ya yi ɗan lissafi. Duka ɓangarorin biyu sun ci gaba, amma masu shan ginko sun ɗan fi, da tazarar da ba ta kai maki biyu ba. Ba a ga ƙarin zubar jini a cikinsu ba.

Sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa, sai dai yana da rauni wanda masu binciken da kansu suka ambata. Marasa lafiyar sun san abin da suke sha, domin ba a ba ɗaya ɓangaren ƙwayar da ta yi kama da maganin alhali ba komai a cikinta ba. Mutum kuwa idan ya san an ƙara masa magani, yakan ƙara himma a jarrabawa, iyalinsa ma su ƙara kula. Wata shida kuma gajeren lokaci ne ga ciwon da ake rayuwa da shi shekaru.

Daga baya an yi wanda ya fi shi girma da tsauri, shi ma a Sin, aka wallafa a 2023. Mutum sama da 3,400 ne, kuma babu wanda ya san abin da aka ba shi. Bayan kwana 90, kimanin kashi 51 cikin 100 na waɗanda aka ba sinadarin ginko sun warke ba tare da wata nakasa ta a zo a gani ba, a ɗaya ɓangaren kuma kashi 44. Amma a lura, wannan allura ce ta jijiya da ake fara yi a asibiti cikin kwana biyun farko, ba ƙwayar da ake saye a shago bayan wata uku ba. Abin da aka auna kuma iya hidimar kai ne, ba ƙarfin tunawa ba.

Ta fuskar rigakafin mantuwa kuwa, amsar ta fito fili. A Amurka an bi tsofaffi 3,069 masu shekara 75 zuwa sama kimanin shekara shida, rabi suna shan EGb 761 miligiram 120 sau biyu a rana. Sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna bai rage kamuwa da cutar mantuwa ba, kuma da aka duba bugun zuciya da shanyewar jiki a cikinsu nan ma bai hana ba. Faransa ta yi irinsa da mutum sama da 2,800 na shekara biyar, ta fitar a 2012, amsa ɗaya. Duk da haka hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta amince a 2015 cewa ana iya amfani da tataccen ganyen, miligiram 240 a rana, don ɗan sassauta alamomi ga wanda ya riga ya shiga mantuwa mara tsanani. A ganinmu taƙaitawar adalci ita ce: akwai alamar ɗan amfani, babu hujjar warkarwa, kuma ginko bai shiga jerin magungunan da manyan ƙungiyoyin likitocin wannan ciwo a Turai da Amurka suke umarni da su ba.

Sauran tsirrai

Akwai wani haɗin gargajiyar Sin da ake sayarwa da sunan NeuroAiD. An gwada samfurinsa na farko a kan mutum 1,100 a ƙasashen Asiya, sakamakon 2013 bai nuna bambanci tabbatacce ba bayan wata uku. Wannan samfurin ya ƙunshi tsirrai tara da sassan halittu biyar, ciki har da kunama da matsattsaku, abin da Musulmi zai so ya sani kafin ya haɗiya. Samfurin da ya biyo baya tsirran kawai aka bari. Akwai kuma butilfitalayid, wanda asalinsa daga irin seleri aka gano shi, Sin ta amince da shi tun 2002, yanzu a masana'anta ake haɗa shi.

Ba muna raina tsiro ba ne. Galantamin, ɗaya daga cikin 'yan magungunan da likitoci suke rubuta wa masu cutar Alzheimer, daga wani fure mai albasa aka fara samunsa a Bulgeriya da Tarayyar Sobiyet a shekarun 1950. Asfirin ma tushensa sinadarin ɓawon wata bishiya ne. Abin da ya ɗaga su daga jiƙo zuwa magani shi ne an san adadinsu, an gwada su, an san wanda za su cutar.

Me ya sa to ake samun masu rantsuwa cewa wani sassaƙe ne ya tashe su? Saboda ƙwaƙwalwa da kanta tana gyara hanyoyinta, kuma mafi yawan wannan gyara yana faruwa ne a wata ukun farko, daidai lokacin da iyali suke gwada duk abin da aka kawo. Abin da aka sha a makon da hannu ya motsa shi yake karɓe yabon. Mai ba da shaidar ba ƙarya yake yi ba, abin da ya gani ya faɗa, amma shaidarsa ba ta isa hujja ba.

Inda haɗarin yake

Mu koma kan kashi 32 ɗin nan. Duk gwaje-gwajen masu shanyewar jiki da muka ambata a kan masu toshewar jijiya aka yi su, bayan an ɗauki hoto an tabbatar. A wurarenmu kusan ɗaya cikin uku jini ne ya zuba, kuma da yawa ba su taɓa yin hoto ba saboda tsada ko nisa. Ba wa irin wannan mutum abin da ke rage daskarewar jini ganganci ne. An samu rahotannin zubar jini a ƙwaƙwalwa da ido ga wasu masu shan ginko. Manyan gwaje-gwaje ba su tabbatar da yawaitar hakan ba, amma hukumar Turai ta yi gargaɗi ga masu shan magungunan tsinka jini irin su warfarin da kulofidogirel, ta ce sai da shawarar likita, a kuma dakata kwana uku zuwa huɗu kafin tiyata. Ta hana mai juna biyu, ta ja kunnen mai farfaɗiya, ta kuma ce kada a haɗa shi da efabirenz, maganin cutar ƙanjamau, domin yana iya rage ƙarfinsa. Batun farfaɗiya ba ƙarami ba ne, don wasu masu shanyewar jiki sukan fara ta bayan ciwon. 'Ya'yan bishiyar kuwa suna da guba mai sa jijjiga, musamman ga yara.

Sai matsalar jabu. Tataccen ginko yana da tsada, kuma gwaje-gwajen kasuwa a ƙasashe daban-daban sun sha kama kwalaben da aka cika da sinadarai masu araha daga wasu tsirrai. Lambar rajista a jikin kwalba ma ba ta nufin an tabbatar yana warkarwa. A Nijeriya, misali, kayan tsirrai da aka yi wa rajista sukan ɗauki rubutu cewa hukumar NAFDAC ba ta tantance iƙirarin da ke jikinsu ba. Nau'in ruwa wani lokaci da barasa ake jiƙa shi, kafso kuma yakan zama na gelatin da ba a faɗi dabbar da aka samo shi ba, sai a karanta takardar.

Mafi munin kuskure shi ne na ranar farko. Allurar narkar da gudan jini tana aiki ne cikin awa huɗu da rabi daga fara alamomi, don haka duk lokacin da aka ɓata ana jiƙa magani a gida hasara ne. Kuma kada a ɗura wa wanda ya faɗi komai a baki, ko ruwa ne, ko zuma, ko jiƙo. Ciwon yakan taɓa haɗiya, abin ya bi ta maƙogwaron iska ya sauka a huhu, ya zama ciwon huhu, wanda yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu wannan lalura a makonnin farko.

Wanda likitansa ya tabbatar masa toshewa ce kuma ya yarda ya gwada ginko, ya nemi tatacce mai ɗauke da adadin 24 da 6 a rubuce, ya ɗora shi a kan magungunansa ba a madadinsu ba. Maganin hawan jini, da na suga, da na kitsen jini, da asfirin idan an rubuta, su ne aka tabbatar suna hana bugu na biyu, kuma mun ga yadda bugu na biyu yake ninka haɗarin mantuwa. Gashin ƙashi da atisayen magana a ci gaba da su kullum. A rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano. Binciken SIREN ya kuma gano cewa masu cin ganyen miya a kai a kai sun fi tsira daga ciwon, kuma zogale da rama da alayyafo suna nan a kasuwa. Idan ya ga dasashi yana jini, ko haɓo, ko baƙin bayan gida, ko sabon ciwon kai mai tsanani, ya ajiye ginkon ya koma asibiti a ranar, ya tafi da kwalbar a hannunsa.