Ruwa, Nauyin Kaya da Lokaci a Doguwar Tafiyar Ƙasa: Nazarin Sashen Kudu na Hanyar Pacific Crest

Tsakure

Maƙalar ta duba abin da ke iyakance matafiyin da ya goya kayansa ya ratsa busassun tsaunuka da ƙafa, ta ɗauki kudancin hanyar Pacific Crest ta Amurka a matsayin misali. Ta nuna cewa tazarar da ke tsakanin mashaya da mashaya ita ke tsara tafiyar, kuma dogaro da ruwan da masu sa kai ke ajiyewa a bakin hanya na da hatsari.

Gabatarwa

Hanyar tana da tsawon kimanin kilomita 4,265, daga Campo a kan iyakar Meziko zuwa iyakar Kanada. Dokar hanyoyin ƙasa ta 1968 ce ta ba ta matsayin hanyar tarayya, aka kammala ta a 1993. Kimanin kilomita 1,100 na farko, har zuwa Kennedy Meadows, su ne mafi ƙarancin ruwa. A nan hanyar ke hawa tsaunukan Laguna da San Jacinto da San Bernardino da San Gabriel, sannan ta gangaro gefen hamadar Mojave.

Lissafin ruwa

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Matafiya sukan ƙiyasta lita ɗaya ga kowane kilomita takwas, ban da na girki da na kwana, don haka mai fuskantar kilomita talatin babu mashaya zai ƙara wa bayansa kilo biyar ko shida idan aka haɗa da su. Nauyin yana rage masa sauri, ya daɗe a rana, gumi ya ƙaru, buƙatar ruwa ta sake hawa. A kan tudu kuma iska busasshiya ce, numfashi na sauri, jiki na zubar da danshi ta huhu, gumi na bushewa kafin a lura da shi. Sau da yawa farin gishirin da ya daskare a kafaɗar riga ne kaɗai shaidar asarar.

Akwai hatsari na biyu da ba a cika ambata ba. Wanda ya yi ta kwankwaɗar ruwa zalla bai ci abu mai gishiri ba, sinadarin sodiyam na jininsa kan faɗi ƙasa da milimol 135 a lita. Alamunsa ciwon kai ne da tashin zuciya da ruɗewa, waɗanda suka yi kama da na ƙishirwa da na ciwon tudu da ke fara kama mutane daga wajen mita 2,500. Idan aka ɗauke shi ƙishirwa aka ƙara masa ruwa, an ƙara masa cuta.

A Mojave hanyar tana bin bututun da ke kai ruwa birnin Los Angeles. Matafiyi na taka ƙasa ruwa na gudana a ƙarƙashinsa, a rufe. Da yawa sukan yi wannan zangon da dare da fitilar goshi, su kwanta a inuwa da rana.

Matsin lokaci

Galibi ana tashi daga kudu a watan Afrilu ko farkon Mayu. Wanda ya makara zai tarar da zafi da ƙafewar ƙoramu. Wanda ya yi sammako zai isa tsaunukan Sierra Nevada ƙanƙara ba ta narke ba, ga mashigar Forester mai tsayin mita 4,009 a gabansa. Saboda cunkoson da wannan ya haifar aka ƙayyade izinin tashi daga iyakar kudu ga mutum hamsin a rana.

Ruwan ajiya

Masu sa kai na jera jarkoki a inda hanyar ta ratsa titi, aikin alheri ne babu shakka. Sai dai ayari ɗaya na iya shanye ajiyar a yini guda, na baya ya iske jarkoki fanko ɗaure da igiya, alhali ya rage abin da ya ɗauko ne don ya sa rai da su. Ƙungiyar da ke kula da hanyar tana gargaɗin kada a dogara da su, kuma wannan maƙala na goyon bayan gargaɗin. Ya kamata masu ba da izini su sharɗanta wa kowane matafiyi ɗaukar ruwan da zai kai shi mashaya tabbatacciya ta gaba, ko da duk jarkokin hanya sun ƙare.