Ƙasar Gobir Daga Sama



Na san ba ku manta da tsohuwar taswirar nan ta ajinmu ba, wadda malamin tarihi yake ratayawa a jikin allo yana nuna mana Alkalawa da tsinin sanda. To, kwanan baya bayan an tashi daga ofis, sai na buɗe Google Earth, manhajar da ta fito a 2005 wadda take haɗa hotunan tauraron ɗan'adam su zama dunƙulen duniya a kwamfuta. Mutum yana iya leƙa Makka, har ma da wata da duniyar Mars. Ni kuwa gida na nufa.

Abin da ya fara ɗaukar idona shi ne Gulbin Maraɗi. Ya taso daga ƙasar Katsina, ya shiga Nijar ta Maraɗi da Tsibiri, sa'an nan ya komo ya faɗa Gulbin Rima a yankin Sabon Birni. Wannan koriyar fadama ita ce tarihin Gobir. A bakinta Sarki Babari ya kafa Alkalawa a ƙarni na 18. A 1808 mayaƙan jihadi a ƙarƙashin Muhammadu Bello suka ci birnin, Sarki Yunfa ya rasa ransa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri, daga baya kuma Ɗan Halima ya rabu da su ya kafa Sabon Birni. Shi ya sa har yau akwai Sarkin Gobir a Tsibiri, da Sabon Birni, da kuma Isa.

Amma akwai wani layi ruwan ɗorawa da manhajar ta ja a tsakani, watau iyaka. Asalinsa yarjejeniyoyin Ingila da Faransa ne na 1890 da 1898 da 1904 da 1906, kafin jami'ansu, Tilho da O'Shee, su bi ƙasa suna kafa alamu daga 1906 zuwa 1908. Da na kashe layin, sai ƙasar ta koma ɗaya: gona ta haɗe da gona, gulbi bai tsaya ba.

Sai dai fa hoto ba ya magana. Zai nuna maka fadama da gonaki, amma ba zai gaya maka sunan ƙofar gari ko inda kasuwa take ci ba. Wannan ilmi yana bakin dattawa, ga shi kuwa ta'asar 'yan bindiga ta tarwatsa ƙauyuka da dama a Isa da Sabon Birni, tsofaffi na ta ƙarewa a gudun hijira.

Saboda haka ina roƙon ƙungiyarmu, kowa ya zauna da dattijon gidansu, ya nuna masa hoton garinsu, ya rubuta abin da ya faɗa, mu tara a ɗakin karatun makarantarmu. Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.