Yadda ciwon manya ya sauko kan samarin Pima

Ya kai mai karatu, ciwon sukari irin wanda ƙiba ke jawowa, da can likitoci ciwon manya suke ce masa. Saurari labarin ƙabilar da ta sa suka sake magana.

Mutanen Pima suna zaune a jihar Arizona ta Amurka. Ƙasarsu busasshiya ce, amma kakanninsu sun haƙa hanyoyin ruwa daga kogin Gila, suna noman masara da wake da kabewa. Wajen ƙarshen ƙarni na 19, Turawa baƙi suka tare ruwan daga sama. Gonaki suka bushe, yunwa ta shigo. Sai gwamnati ta riƙa raba musu garin alkama da sukari da kitse. Ciki ya cika, amma an jingine hauya. To, yaron da ba ya gona, ba ya tafiyar ƙasa, ina abin da ya ci zai tafi?

A 1965 likitoci suka fara auna su. Suka tarar kusan rabin waɗanda suka haura shekara 35 suna da ciwon. A 1979 kuma aka ba da labarin samunsa har a jikin samari da ƴan mata.

Kada ka ce gado ne kawai. Suna da dangi a duwatsun ƙasar Meziko masu noma da hannu, masu cin abin da suka shuka. Binciken da aka buga a 2006 ya nuna cikin manya 100, wajen 7 ke da ciwon can, amma a Arizona 38 ne.